Hatimi da Wasiƙar Imel Mai Naƙasa

A zamanin Daular Sakkwato, wasiƙar da ta fito daga fadar sarki, kamar ta Haɗeja, tana da tsari sananne: a fara da sunan Allah, a ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa, a kuma buga hatimi. Wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, suna cikin shaidun wannan al'ada. Amfanin hatimi shi ne ya tabbatar da cewa sunan da ke kan takarda na mai ita ne.

Wasiƙar imel ma tana da nata hatimin, wato DKIM, wanda aka tsara a 2007. A 2015 aka ƙara da DMARC, mai duba ko hatimin ya dace da sunan mai aikowa. To, amma yaya za a yi da wasiƙar da ta zo ba bisa tsari ba? A 1980 Jon Postel na Amurka ya ba da shawarar kwamfuta ta tsananta wa kanta wajen aikawa, ta sassauta wajen karɓa. Shawarar ta taimaka wa bunƙasar intanet, sai dai idan bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Ƙa'ida ta ce gurbin sunan mai aikowa ɗaya ne tak. Mazambaci kan sa biyu, na'ura ta tantance na ƙasa, mai karatu kuwa ya ga na sama. Ta haka ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukumar Birniwa zai iya ganin umarnin biyan kuɗi da sunan wani ofishi a Dutse, alhali hatimin na wani ne dabam.

Saboda haka wajibi ne a rarrabe naƙasa iri biyu. Wadda ba ta shafi sunan mai aikowa ba, kamar kuskuren kwanan wata, ana iya yi mata uzuri. Wadda kuwa ta jawo shakka game da mai wasiƙar, sai a ƙi karɓarta, a kuma sanar da dalili, domin mai gaskiya ya gyara ya sake aikowa. Bai kamata na'ura ta yi gyara da ka ba, gama wadda ta zaɓi suna ɗaya cikin biyu ta zama shaidar abin da ba ta gani ba.