Mumbari da Alƙaryar Fina-finai ta Kofa

A watan Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta bayyana niyyar gina alƙaryar fina-finai, wato matattarar da ake ɗaukar fim da tace shi da horar da masu sana'ar, a garin Kofa na ƙaramar hukumar Bebeji, kan kuɗi kimanin naira biliyan 3. Kofa ba ta da nisa da madatsar ruwan Tiga, wadda magudananta ke shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam, shi ya sa da malamai suka hau mumbari ranar Juma'a suna cewa wurin zai zama sansanin baɗala, sai hujjarsu ta haɗu da ta masu ganin cewa gyaran madatsun ruwa ya fi wa manomin rani amfani. Kafin watan ya ƙare an ba da sanarwar janye aikin, ba tare da an yi wata gagarumar zanga-zanga a titi ba. Huɗuba da wayar hannu ne suka gama komai.

Abin lura shi ne babu wani fim guda da aka yi wa wannan bore, domin zargin baɗala ya daɗe, ya kuma ƙara ƙarfi a 2007, lokacin da wani bidiyon tsiraici na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, har aka dakatar da shirya fina-finai a Kano na tsawon watanni.

Irin wannan ƙarfi ba a Musulunci kaɗai ake samunsa ba. A Amurka, cikin 1934, manyan limaman ɗarikar Katolika sun sa miliyoyin mabiya ɗaukar alkawari a majami'u cewa za su ƙaurace wa duk fim ɗin da coci ya kira fasiƙanci, kuma tsoron asarar 'yan kallo ya tilasta wa kamfanonin Hollywood kafa ofishin tantance labari kafin a ɗauke shi. Sai dai akwai bambanci, wanda a nan ne lissafin Kano ya yi rauni: Katolika sun riƙa kallon fina-finan ɗaya bayan ɗaya suna rarraba su aji-aji, don haka suka sami bakin magana a cikin sana'ar, alhali a Kofa gini aka hana, masu fim kuwa suka ci gaba da ɗauka a gidajen haya da otal-otal, inda idon hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, bai cika kaiwa ba.