Tsotsan yatsa da haƙoran ƴan lakwal

Jinjiri ya tsotsi yatsa ba abin damuwa ba ne, galibin yara kan daina da kansu tsakanin shekara 2 zuwa 4. Matsala tana farawa ne in yaro ya shiga lakwal bai bari ba, domin wajen shekara 6 zuwa 7 ne yake famfara, haƙoran girma na gaba su fito.

Babban yatsa yana tura haƙoran sama waje, ya danne na ƙasa ciki. A hankali sai ka ga yaro ya haɗa turamen haƙoransa amma na gaba ba su haɗu ba. Gatsar goriba ta gagare shi, harshe ya riƙa leƙowa in yana magana. Tauna murfin biki da yawan shaƙar iska ta baki saboda toshewar hanci su ma suna iya gurgunta jerin haƙora.

In ya daina kafin famfara, sau da yawa bakin kan gyaru da kansa. In an makara, sai an sa wayar haƙora, aikin da ke da tsada kuma masu yin sa ba su da yawa a Nijar.

Duka ko shafa barkono tsoro kawai suke ƙara masa. A lura da lokacin da yake tsotsan, ko barci ne ko fargaba, a yaba masa ranar da bai yi ba. Yaron da ke barci baki buɗe yana minshari kuwa, a kai shi likita a duba hancinsa.