Na'urar Zane Ta Leza: Milimita Biyu Tsakanin Riba Da Hasara

ZONKWA, Jihar Kaduna. Duk wanda ya san garin Zonkwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, da maƙwabciyarsa Kafanchan, ya san cewa ƙarshen shekara lokaci ne na bukukuwa. Daga ɗaurin aure da bikin Kirsimeti, zuwa bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga watan Janairu, da na Tuk-Ham da ake yi a Kwoi wajejen Ista, babu taron da ake watsewa ba a raba allunan lambar yabo da mariƙan makulli da sauran tsarabar tunawa ba. Haka kuma makarantu da majami'u da masallatai da ƙungiyoyin manoman citta ba sa rabuwa da buƙatar hatimi da bajo da allon suna.

Irin wannan aiki shi ne abincin ƙaramar na'urar zane da yanka ta leza, wadda a ƙasashen Turai da Amurka wasu ke saye don sha'awa kawai, amma a nan gida tana iya zama jarin mutum ɗungurungum. Sai dai kafin ɗan kasuwa ya kwance bakin jakarsa, ya kamata ya san cewa abin da ya fi jawo hasara a wannan sana'a shi ne rashin iya saita hasken, wato daidaita nisan da ke tsakanin bakin na'urar da abin da ake zanawa.

Iri biyu ne a kasuwa

Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ne ya fara harhaɗa leza a shekarar 1960. Bayan shekara huɗu, a 1964, Kumar Patel, ɗan asalin Indiya, ya ƙirƙiro nau'in da ke aiki da iskar gas ta CO2. A da, sai manyan masana'antu ke iya mallakar irin waɗannan na'urori, har zuwa lokacin da kamfanonin ƙasar Sin suka shiga ƙera ƙananansu masu sauƙin kuɗi.

Ƙananan da aka fi samu yanzu iri biyu ne. Akwai mai aiki da bututun gilashi na CO2, kamar wadda aka fi sani da K40, mai filin aiki na kimanin milimita 300 da 200. Haskenta ba ya ganuwa da ido, ana sanyaya bututunta da ruwa, kuma tana yanka katako da fata da robar nan mai kama da gilashi da ake kira akirilik. Akwai kuma mai dayod, wadda ke fid da shuɗin haske, irin ta kamfanonin xTool da Ortur da Atomstack. Ta fi araha, ba ta shan wuta sosai, amma ba ta iya yanka akirilik garai-garai, domin haskenta ratsa shi yake yi ya wuce.

Masu tallar waɗannan kaya sun fi kururuta yawan wat. Ya dace mai saye ya lura, domin a na'urori masu dayod da yawa, lambar da aka rubuta a kwali ta wutar da na'urar ke sha ce, ƙarfin hasken da ke fitowa kuwa bai kai rabin haka ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yadda saiti ke aiki

Yaran da suka taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a cikin rana sun riga sun san sirrin. Idan aka ɗaga gilashin ko aka sauke shi fiye da kima, sai dai takardar ta yi ɗumi. Amma da zarar an dace da nisan da hasken ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya, nan take hayaƙi zai tashi. Haka leza take. A cikin kan na'urar akwai ɗan gilashi mai tattara haske, wanda ke matse shi har ya tsuke kamar ƙugun kalangu, sa'an nan ya sake buɗewa. A wannan ƙugu ne duk ƙarfin yankan yake.

Gilashin da aka fi sa wa ƙananan na'urorin CO2 shi ne mai nisan inci 2, wato milimita 50.8 daga gilashin zuwa matattarar hasken, inda faɗin ɗigon bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Lissafin kuwa ba ya da wuya: idan faɗin ɗigon ya ninka sau biyu saboda kuskuren saiti, filin da zafin ya bazu a kansa ya ninka sau huɗu ke nan, ƙarfinsa kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan na'ura mai wat 40 da aka saita ta a karkace, za ta yi aiki tamkar mai wat 10, alhali kuwa wutar da take sha ba ta ragu ba. Kuskuren 'yan milimitoci ya isa ya jawo haka.

Abin da mai koyo ya saba yi idan ya ga katako ya ƙi yankuwa shi ne ya ƙure ƙarfin na'urar, ko ya maimaita yankan sau uku. Sakamakon haka shi ne gefen aikin ya yi baƙi ƙirin, ƙananan haruffa su cakuɗe, lokacin aiki da man janareta su ninka, bututun kuma, wanda dama sa'o'in aikinsa ƙidayayyu ne, ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni na wannan shekarar, har Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, sayen sabon bututu ko gilashi daga waje ya zama babban al'amari ga ƙaramin ɗan kasuwa.

Gwajin gangara

Hanyar gano saitin gaskiya ba ta cin ko kwabo. Ana samun siririn katako miƙaƙƙe, a kwantar da shi a kan faifan na'urar, a tokare gefe ɗaya da wani abu mai kaurin santimita ɗaya ko biyu don ya yi gangara. Sai a sa na'urar ta ja layi ɗaya tak daga wannan kai zuwa wancan da ƙaramin ƙarfi. Layin zai fara da faɗi, ya tsuke, sa'an nan ya sake faɗi. Inda ya fi siranta, nan ne matattarar. Ba tare da an motsa katakon ba, sai a auna nisan daga bakin na'urar zuwa wannan wuri, a yanka ɗan guntun katako daidai wannan tsawo, a rataye shi kusa ya zama ma'aunin yau da kullum. Ko da na'ura ta zo da nata ma'aunin daga kamfani, yana da kyau a gwada shi ta wannan hanya, musamman bayan an sauya gilashi.

Idan zane za a yi, a saman abin ake ajiye matattarar. Idan kuwa yanka ne na katako mai kauri, kamar milimita 6, an fi so a nutsar da ita zuwa wajen tsakiyar kaurin. Har ila yau, wajen mayar da gilashin CO2 bayan an wanke shi, ɓangaren da ya yi tozo shi ke duban sama, inda hasken ke fitowa.

Yanayin yankin da kayan aiki

Kudancin Kaduna na samun ruwan sama mai yawa daga Afrilu zuwa Oktoba, laimar damina kuwa na sa katakon filawud ya lanƙwashe. Allon da tsakiyarsa ta ɗago da milimita biyu zai yanku a wani wuri ya ƙi a wani, ko da saitin farko daidai ne. Maganin shi ne a adana alluna a kwance an danne su da nauyi, a kuma maƙale su a faifai lokacin aiki. Da hunturu ya kama, wanda kuma shi ne lokacin cinikin bukukuwa, ƙura kan haɗu da hayaƙi su dusashe gilashi da madubai. Gilashi mai datti yana riƙe zafi har ya tsage, saboda haka a riƙa goge shi a hankali da auduga da sinadarin da aka tanada domin haka.

Ƙwarya, wadda masu sassaƙa suka daɗe suna yi wa ado da wuƙa da ƙarfe mai zafi, ita ce ta fi gwada gwanintar mai na'ura, domin bayanta a dunƙule yake, kuma da zane ya yi nisa daga tsakiya sai ya fita daga saiti. Mai son wannan ciniki sai ya taƙaita faɗin zanen, ko ya raba shi kashi-kashi yana sake saiti, ko ya nemi gilashi mai nisan inci 4, wanda ƙugun haskensa ya fi tsawo, ko da yake bai kai na inci 2 fitar da ƙananan haruffa ba.

Bugu da ƙari, akwai abin da bai kamata a kusantar da shi ga leza ba, wato roba nau'in PVC, wadda da ita ake yin yawancin ledar bana ta talla da fatar jabu. Idan ta ƙone tana fid da iska mai guba da ke illata huhu, ta kuma sa ƙarfen na'urar tsatsa. Haka zalika, shuɗin hasken dayod na iya lalata ido cikin ƙiftawa, don haka tabarau na musamman wajibi ne, kuma ba a barin na'ura tana aiki babu kowa a wurin saboda gobara.

Daga ƙarshe, ga ɗan kasuwar Zonkwa ko Kafanchan da ke shirin shiga wannan sana'a, shawara ita ce ya nemi mai sayarwa ya yi gwajin gangara a gabansa kafin ya biya, ya haɗa da gilashin ajiya guda ɗaya a cikin odarsa, ya kuma koya wa yaron shago amfani da ma'auni tun kafin ya koya masa kwamfuta. Aikin biki yana da rana tsayayya, kuma allon lambar yabon da aka kai wa shugaban taro da haruffa a ƙone, da wuya ya sake kawo wa mai shi ciniki a shekara mai zuwa.