Ailan: Da Mutane Ke Fita, Yanzu Kamfanoni Ke Shiga

Dattawanmu da suka yi makarantar mishan a Jos ko Kaduna sun san Ailan ta wurin fada-fada da sistoci. A lokacin, ƙasar matalauciya ce, samarinta na ƙetarawa Ingila da Amurka neman abinci.

Yau kuwa manyan kamfanonin Amurka ke tururuwa can. Apple ya buɗe masana'anta a birnin Cork a 1980, Intel ya biyo baya a 1989, Google kuma ya kafa hedkwatarsa ta Turai a Dablin. Me ya jawo su? Gwamnati ta mai da karatun sakandare kyauta a 1967, ƙasar ta shiga kasuwar tarayyar Turai a 1973, ga Turanci a bakin kowa. Uwa-uba haraji: a 2003 aka tsayar da harajin riba a kashi 12.5 cikin ɗari, sai a 2024 aka ɗaga wa manya zuwa 15.

Amma fa, mai karatu, kamfanoni goma kacal ke biyan fiye da rabin wannan haraji. In biyu suka tattara komatsansu, baitulmali zai ji a jikinsa. Hayar gida a Dablin kuma ta yi tsadar da matasa masu digiri suka sake ɗaukar jaka, wannan karon har zuwa Ostareliya.