Sikanin Bai Nuna Komai Ba, Amma Ciki na Ciwo: Na'urar da Ta Dace da Kowace Matsala

A Bodinga da Shagari, duk wanda ƙahon zuciyarsa ke zafi, ko ya ci loma biyar ya ƙoshi, sai a ce olsa ce. Daga nan sai a shiga motar Sakkwato domin yin sikanin, a dawo da takarda mai cewa komai lafiya. Kuɗi sun tafi, ciwo na nan. Sau da yawa ba na'urar ce ta gaza ba, an tambaye ta abin da ba aikinta ba ne.

Sikanin

Wannan na'ura tana aika sauti cikin jiki, ta haɗa hoto da amon da ya dawo. Tana ganin hanta da duwatsun maɗaciya sosai. Amma iskar da ke cikin tumbi tana tare sautin, shi ya sa ba a dogara da ita wajen gano gyambon ciki.

Na'urar leƙa ciki

Wannan siririn bututu ne mai kyamara da fitila a bakinsa, wanda ake zurawa ta baki bayan mutum ya yi sa'o'i bai ci komai ba. Ita ce ke nuna gyambo ko ƙari, kuma da ita ake gutsuro ɗan nama domin gwaji. Ana yin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Idan an leƙa ba a ga komai ba

Da yawa daga masu wannan ƙorafi, tumbinsu ba shi da rauni. Matsalar tana ga aikinsa: bai saki jiki ya karɓi abinci ba, ko jijiyoyinsa na saurin jin zafi. Ƙa'idar likitoci ta Rome IV, wadda ta fito a 2016, ta ɗauki wannan a matsayin cuta mai zaman kanta idan alamun sun fara aƙalla wata 6 baya, kuma suna nan cikin wata 3 na ƙarshe.

Gwajin saurin tumbi

Domin auna aikin tumbi, ana ba mutum soyayyen ƙwai da aka sa wa ɗan sinadari mai fitar da haske, sannan kyamara ta musamman ta ɗauki hoto nan take, da bayan awa 1, 2 da 4. Idan fiye da kashi 10 cikin 100 na abincin ya rage bayan awa 4, tumbin na jinkiri, abin da ke yawan samun masu ciwon suga. Irin wannan kyamara sai manyan cibiyoyi, kamar asibitin koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja.

Kafin a biya kuɗin mota

Likita kan fara da gwajin ƙwayar cutar H. pylori ta bayan gida ko numfashi, ya kuma tambayi ko mutum na yawan shan ibuprofen ko diclofenac. Amma wanda ke aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko yake ramewa, ko haɗiya ke masa wuya, ko ciwon ya soma masa bayan shekara 60, kada ya tsaya jiran sikanin. Leƙa cikin ya kamace shi, kuma da wuri.