Auren Waje da Takardar Zama Ɗan Ƙasa

Daga ƙasar Tasawa da ta Mayahi, samari da yawa kan tafi cin rani Kano, Katsina ko Libiya. Waɗansu can suke aure. To, ina matsayin matar in sun komo gida?

Dokar zama ɗan ƙasa ta 23 ga Agusta 1984 ta tanadi zaman shekara 10 ga baƙon da ke neman zama ɗan Nijar. Gyaran 5 ga Nuwamba 2014 ya tanadar wa ma'aurata: shekara 3 da aure, mace ko namiji, kuma ba sai an bar ƙasar asali ba.

Amma akwai ƙulli. Sai mai nema ya zauna Nijar shekara 3. Zaman Kano ba ya cikin lissafi, ko da kuwa mijin aiki ya kai shi. Kuma auren da malamai suka ɗaura a zaure, ba takarda, da wuya ya zama hujja gaban hukuma.

Saboda haka, jama'a, ku rubuta aurenku wurin magajin gari, ko ofishin jakadancinmu in kuna waje.