Ciyawa a Cikin Ledar Dashe: Hannu ko Magani?

Ranar 3 ga watan Agusta ita ce ranar dashen itatuwa a ƙasarmu. Amma aikin iccen da za a dasa a ranar yana farawa ne tun watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi yake tsananta. A lokacin ne masu renon itatuwa suke cika leda da ƙasa, su shuka iri, su yi ta ban ruwa safe da yamma. Haka ake yi a lambunan Mirya da Gidimuni. Haka ake yi a kwarin Korama, wajen Matamaye da Kance, da wuraren reno na ma'aikatan gandun daji. Ana renon bedi da ɗakwara da bagaruwa da zogale. Ana renon mangwaro da gwaiba da lemun tsami.

Ruwan da ake zuba wa icce yana tada ciyawa ita ma. Yanzu da maganin kashe ciyawa ya yawaita a kasuwanninmu, masu reno da yawa suna tambaya: ko za mu iya fesa shi a kan ledoji mu huta da cira? Amsar ita ce, a cikin leda a'a. A wajen leda kuma akwai inda yake da amfani. Ga dalili.

Ƙasar leda kaɗan ce

Iccen da ya tsiro a gona yana da fili. Saiwarsa tana iya nutsewa ta nemo danshi. Iccen leda kuwa ba shi da komai sai ƙasar da ke cikin ledar, wadda ba ta wuce cikin ƙaramar ƙwarya ba. Idan ƙarangiya ko gude-gude ko rukuɓu ta tsiro a ciki, to abinci ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha. Kuma ciyawa ta fi icce saurin girma. Cikin mako uku tana iya kere shi, ta tare masa rana. Sai ka ga dashen ya rame, ya yi siriri, ganyensa ya koɗe. Irin wannan dashe ko an kai shi gona da wuya ya ƙetare rani.

Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram. Wanda ya ja guga ko ya sayi ruwa ya zuba a leda, bai kamata ciyawa ta shanye masa rabi ba.

Daga ina ciyawar take zuwa?

Mafi yawanta mu ne muke zuba ta da hannunmu. Ƙasar leda ana haɗa ta ne da rairayi kashi 2 da taki kashi 1. Takin awaki da na shanu cike yake da ƴaƴan ciyawa, domin dabba tana cin su, su fita a kashinta ba su mutu ba. Idan takin ɗanye ne, da ya ji ruwa sai su tsiro gaba ɗaya. Saura kuma iska ce take kawo su daga ciyawar da aka bari ta yi ƴaƴa a gefen shinge.

Saboda haka aikin farko yana wajen taki. A tara shi a rami, a jiƙa shi, a rufe, a riƙa juya shi har ya ruɓe sosai. Taki mai ruɓewa yana ɗaukar zafi. Idan ka cusa sanda a tsakiyarsa ka zaro, za ka ji ta da zafi. Wannan zafi yana kashe mafi yawan ƴaƴan ciyawa. In ya ruɓe, a tankaɗe shi kafin a haɗa da rairayi.

Aiki na biyu ya fi kowanne sauƙi, amma gaggawa tana sa a tsallake shi. Bayan an cika ledoji, kada a shuka nan da nan. A yi musu ban ruwa kwana 10 zuwa 15 babu iri a ciki. Ciyawar da ke kusa da sama za ta fito. A cire ta duka, ba tare da an tona ƙasar da zurfi ba. Sa'an nan a shuka. Ta haka icce zai tsiro a wuri mai tsabta, ya riga ciyawa kama ƙasa. Rigakafi ya fi magani.

A nan sai a lura da wani abu. Wani lokaci abin da ya tsiro daga taki gawo ne ko bagaruwa, domin awaki suna cin ƴaƴansu. Kada a yar da shi tare da ciyawa. Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamaye da Mirya a yau, mafi yawansa da kansa ya tsiro, manoma suka kare shi. Wanda ya fito maka a leda kyauta ne.

Magungunan ciyawa ba iri ɗaya ba ne

Akwai mai kashe duk wani ɗanyen ganye da ya taɓa. Wanda aka fi sani shi ne gilifosat. A jikin kwalba ana rubuta shi GLYPHOSATE. Yana shiga ta ganye, ya gangara har saiwa. Bayan kamar mako guda tsiron ya yi rawaya, daga nan ya bushe. Ba ya bambanta ciyawa da icce. Ɗan feshin da iska ta ɗauka ya isa ya lalata jerin dashe.

Akwai mai kashe tsiro mai faɗin ganye, ya bar dangin hatsi. Shi ne ake rubutawa 2,4-D. Masu shinkafa da masara suna amfani da shi. To itatuwan da muke reno duka masu faɗin ganye ne a wajen wannan magani. Yana murɗe musu ganye, ya lanƙwasa kan tsiron. Kada ya kusanci wurin reno ko kaɗan.

Akwai kuma wanda ake sa wa ƙasa tun ciyawa ba ta fito ba, ya kashe ta tana cikin tsirowa. Manyan masu renon furanni da itatuwa a Amurka suna barbaɗa irin wannan a kan tukwane. Amma ba sa sa shi sai a tukunyar da dashen ya riga ya yi saiwa ya kafu, kuma da ma'auni suke yi. Ko su ma sai sun fara cire ciyawar da ta fito da hannu, domin yawancin irin wannan magani ba ya kashe wadda ta girma. Mu kuwa iri muke shukawa kai tsaye a cikin leda. Maganin da ke kashe ƙwayar ciyawa tana tsirowa yana iya kashe ƙwayar ɗakwara ita ma.

Mu yi lissafi

Ana auna maganin ciyawa ne da eka ta hukuma, wato hekta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Leda mai faɗin baki santimita 10, guda 100 ne suke cika murabba'in mita ɗaya. Ke nan leda 1,000 ba su ci fili ba sai murabba'in mita 10.

A ce takardar kwalba ta ce a sa lita 3 a hekta. Rabon leda 1,000 a ciki bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Wa zai iya auna wannan da murfin kwalba, ya kuma raba shi daidai a kan leda dubu? Kuskure kaɗan ya ninka ma'aunin sau biyar ko sau goma. A gona ƙasa tana da yawa. A leda maganin ba shi da wurin zuwa sai kan saiwar icce. Aikin wata huɗu yana iya tafiya a safiya ɗaya, kuma lokacin sake shuka ya wuce.

Leda 1,000 kuwa ba su fi ƙarfin hannu ba, in dai ana cira da wuri. A cire ciyawa tana da ganye biyu ko uku. A yi bayan ban ruwa, lokacin da ƙasa take da taushi. A dafe gindin icce da yatsu biyu, a zare ciyawar da ɗaya hannun. Idan an yi sakaci ta girma har saiwarta ta sarƙe da ta icce, kada a fizge ta. A yanke ta daidai da ƙasa da wuƙa. Sau ɗaya a mako ya isa. A haɗa da ranar da ake ɗaga ledoji don datse saiwar da ta huda gindi.

Ga manyan ledoji na mangwaro da lemu, waɗanda suke daɗewa a wurin reno, ana iya rufe bakin ledar da ƙananan tsakuwa ko ɓawon gyaɗa. Wannan yana hana ciyawa samun haske, yana kuma riƙe danshi. Sai dai ɓawon gyaɗa yana jawo gara, a riƙa dubawa.

Inda magani yake da amfani

Wurinsa shi ne filin da za a jera ledoji, da hanyoyin tsakani, da gindin shinge. Idan wurin yana da jiji ko kiri-kiri, noma ba ya gama da su, domin suna sake fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. A nan gilifosat yana taimakawa. A fesa shi tun ba a kawo ledoji ba, ciyawar tana ɗanya shar. A bar ta kamar mako biyu ta mutu, sa'an nan a share. Jiji yana da taurin kai, yakan bukaci a sake.

A yi feshi da sassafe, lokacin da babu iska. A sa riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmin roba da safar hannu ta roba. A rufe hanci da baki. Kada a ci goro, kada a sha taba ana cikin aiki. Famfon da aka yi feshin ciyawa da shi, kada a zuba masa maganin ƙwari a fesa wa dashe. Ragowar da ta maƙale a ciki ta isa ta yi ɓarna.

Ku karanta kwalba kafin ku saya

Ƙasashen Sahel da ke cikin ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suna da kwamiti mai tantance magungunan feshi. Sunansa CSP, mazauninsa Bamako. Maganin da ya amince da shi yana ɗauke da lamba mai ƙarewa da kalmar SAHEL. Ku nemi wannan kalma. Da yawa daga magungunan da ake tallatawa a kasuwa ba su da ita.

A ƙasan takardar kuma akwai zane mai launi. Ja alama ce ta guba mai tsanani. Rawaya ce ke biye, sai shuɗi, sai kore. Kore ma guba ce, ta fi sauƙi ne kawai.

Kalma ɗaya ku haddace rubutunta: PARAQUAT. An hana shi a ƙasashen CILSS tun shekarar 2011, amma yana shigowa ta ɓarauniyar hanya. Mutane suna son sa domin yana ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum. Yana lalata huhu da ƙoda, kuma ba shi da makari. ATRAZINE ma an hana shi a 2015. Wanda yake shakkar wata kwalba, ya kai ta wajen malamin gona ko ma'aikatan kare tsirrai na yankinsa su duba masa.

Idan haɗari ya faru

Wanda magani ya zubo masa a jiki, ya tuɓe kayan nan take, ya wanke da ruwa mai yawa da sabulu. Idan a ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Idan yaro ko babba ya sha, kada a ba shi nono ko mai. Nono ba ya karya wannan guba. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. A kai shi likita mafi kusa da gaggawa, ko da ya ce ba ya jin komai, a tafi da kwalbar domin ma'aikacin lafiya ya karanta sunan maganin.

Kada a juye magani a robar ruwa ko ta lemo. A ajiye shi a kwalbarsa, a wuri mai makulli, nesa da rumbu da ɗakin girki. Idan ya ƙare, a ɗauraye kwalbar sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar a cikin famfo, a huda ta a gindi yadda ba wanda zai zuba mai ko ruwan sha a ciki.